Takalman da ke Gefen Hagu

Ya ke sanyin idona, likitar muryata, inuwar da nake gudu zuwa gare ta idan rana ta take tsaka! Ya ke ruwan farko mai sauka a kan busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya tashi ya cika unguwa! Ya ke wadda dariyarta ke warkar da abin da duk kwalaben kantin maganinku suka kasa! Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin takarda, gaisuwar mutumin da aka ce ya tafi, ya ji sarai, kuma ya ƙara gyara zama.

Kafin komai ki yi mini dariya, don na cancanta. Wannan ce wasiƙa ta biyu. Ta farko da ƙatuwar maka na rubuta ta, irin wadda ake rubutu a allo da ita, kowane harafi ya kusa tafin hannu, ina ta hura hanci wai na yi dabara. Na kai wa Yayarki. Ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Gidan Rediyo, kai dai bakinka kaɗai ke aiki. Wa ya ce maka ƙananan abubuwa ne ba ta gani? Gefen ganinta ne ya tafi, tsakiya na nan garau. Wannan ƙaton harafin naka ko rabinsa ba zai shiga idonta ba." Na naɗe kayana na dawo gida kunya kamar ta kashe ni. To ga ta nan da baƙin biro, rubutu madaidaici, layi da layi na bar fili. Kin ga dai ina koyo, kuma ba na jin haushin gyara.

Saƙonki ya iso, bai ɓata a hanya ba. Yaya ta faɗa mini shi tana kallon ƙasa: wai in daina zuwa, wai a bar maganar aurenmu, wai in nemi mai lafiyar ido tun ina da sauran ƙuruciya, don ba kya son in ƙare rayuwata ina jan ki a hannu. Na ji. Na auna shi ta gaba, na auna shi ta baya, na kwana da shi na tashi da shi. Ga amsata, kuma na sa ta a tsakiyar layi don kada ta faɗa inda ba kya gani: a'a. Ban yarda ba, ba zan yarda ba, kuma ina da hujja. Hujjar tana rataye a bango, a gidan nunin zane-zanen da kika kai ni.

Kin tuna yammacin nan? Ni kam ko an tashe ni daga barci zan kawo shi tiryan-tiryan. Gaskiya ɗaya ce, ba don zane na je ba. Ni da aikina sharhin ƙwallo a rediyo, ni da na saba da ihun dubban mutane da ƙarar ganga, ina ni ina ɗakin da ko tari mutum ya yi sai an waiwayo? Don ke na je. Kika ce nan ne wurin da kike zuwa idan kanti ya ishe ki, idan masu tari da masu ciwon kai sun cika miki kunne, ni kuwa na ce duk inda kike hutawa ina son in san ƙofarsa. Fararen bangaye, sanyin na'ura, ƙananan fitilu suna leƙowa daga sama kowace ta riƙe zane guda, ga wani rawayan layi a ƙasa da aka hana kowa tsallakewa. Ga kuma sababbin takalmana suna ƙiiƙii a kan katako duk taku, har matar nan mai gadi da ke zaune a kujerar ƙofa ta bi ƙafafuna da harara. Ke kuwa kina cikin shuɗin mayafinki, kina tafiya a hankali kamar kin shigo gidan kakarki.

Zanen da na fara so shi ne na masuntan nan. Ƙato, ya cinye bango guda: maza tsirara daga ƙugu zuwa sama suna jan taru daga ruwa, jijiyoyin wuyansu a tashe, igiyar ruwa tana dukan gwiwoyinsu, wani tsoho a ƙarshen igiya ya buɗe baki yana ba da umarni. Jinina ya motsa. Ban san lokacin da na sunkuyo kusa da kunnenki na fara aikina ba: "Ga shi nan ya ja, ya ƙara ja, na biyu ya karɓa, ya miƙa wa na uku, tsoho yana ta ihu daga baya, kifi ya yi tsalle, zai fita, zai fita, bai fita ba! Jama'a, taru ya shigo!" Wayyo dariyarki! Kika toshe baki da mayafi, kafaɗunki na rawa, hawaye na zuba, mai gadi ta yi gyaran murya har sau biyu. Wace tsuntsuwa ce ta taɓa rera abin da ya kai wannan dariya daɗi? Wane kogi ne ya taɓa gudu a kan duwatsu da irin wannan sauti? Da za a ce in zaɓa tsakanin ihun fili cike da mutane da wannan dariya da kike ƙoƙarin ɓoyewa, wallahi ko waiwayar filin ba zan yi ba.

Sai na biyu, wanda na yi wa rashin kunya. Ja da kore da ruwan goro an yaɓa su barkatai, buroshi ya bi ta nan ya bi ta can. Na ce wannan ai tsumman da mai fenti yake goge hannu ne aka sa wa firam. Ba ki yi musu da ni ba. Hannun rigata kawai kika kama, kika ce in ja baya. Na ja. Kika ce in ƙara. Na ƙara, har bayana ya taɓa bangon da ke fuskantarsa. Ikon Allah! Sai ga itace ya fito daga cikin hargitsin, ƙaton itace mai jajayen furanni bayan an ɗauke ruwan sama, har da hasken rana yana ɗigowa ta tsakanin ganye. Na saki baki. Kika ce, "Kai komai sai ka afka masa. Wani abin sai an ba shi fili yake nuna fuskarsa." Ranar na lura kullum daga nesa kike tsayawa, kina bin zane da kai a hankali kamar mai karanta layi. Na ɗauka salon masana ne. Har bencin da kika yi karo da shi ta hagu, na ɗora wa wanda ya ajiye shi laifi.

Daga nan kika ce akwai wanda kika fi so duk gidan, kika ja ni zuwa ɗan siririn ɗakin nan na ƙarshe, wanda faɗinsa bai wuce mutum ya miƙa hannuwa biyu ba. A can ba wurin ja da baya. Zanen mace ce zaune a bakin taga. Haske ya sauka a rabin fuskarta, hannunta ɗaya a kan cinya, idanunta ba sa kallon waje, ba sa kallonmu, sun ɗan karkata kamar mai sauraro. Duk sauran ɗakin da take ciki duhu ne, ruwan ƙasa mai kauri da baƙi-baƙi. Kika daɗe a gabanta. Sannan muka zauna a ɗan bencin da ke wurin, kika faɗa mini abin da kika daɗe kina riƙewa: abin da likita ya ce, maganin ɗigawa da kike sawa safe da yamma wanda ke rage wa ciwon gudu amma ba ya mayar da abin da ya tafi, yadda duniya ke tsukewa daga gefe, hagu ya fi dama lalacewa, har ya zama kamar kina leƙen komai ta cikin bututu. Kika nuna zanen da haɓa kika ce, "Tun bara da aka rataye ta nake zuwa wurinta. Ni ce. Ita kaɗai a ɗaki, duhu na matsowa."

Ni kuwa na yi shiru. Ni da ake biya don in yi magana, ni da Inna ke cewa tun ina goye ba a taɓa ganin bakina a rufe ba, na yi shiru har muka fito, har na raka ki bakin titi. Na san abin da kika karanta a wannan shirun, kin ɗauka tsoro ne, kin ɗauka ina neman ƙofar fita. To ki ji yadda abin yake. A aikinmu, idan ɗan wasa ya faɗi faɗuwar wasa, mukan yi ta zuba, har da tsokana. Amma idan ya faɗi faɗuwa ta gaske, wadda ka ji ta a cikinka, duk mai sharhin da ya san aikinsa rufe baki yake yi har sai an ga ya motsa. Ba a cika irin wannan wuri da surutu. Shirun da na yi miki shi ne mafi girman girmamawar da na iya. Zuciyata ce ta faɗi a wurin tare da ke, ina jira mu tashi.

Da saƙonki ya zo, ban tafi wurin kowa ba. Gidan zanen na koma, ni kaɗai, da la'asar. Na wuce masunta ko gaisuwa babu, na wuce itacen, na shiga siririn ɗakin na tsaya gaban matar nan, ina jin haushinta kamar ita ta raba mu. Na kalli fuskarta har idona ya yi ruwa. Washegari na sake komawa. Ana nan sai na tuna faɗan da tsohon maigidana a rediyo yake mini lokacin ina sabon shiga. Yakan ce, "Kai matsalarka ƙwallo kake bi. Kowa ya iya bin ƙwallo. Ka dubi gefen fili, can inda ba wanda ke kallo, daga can ake ƙulla cin." Ashe ranar da muka je tare, ni ma ƙwallo na bi. Fuskar ce ke da haske, fuskar na kalla, kamar yadda kika kalla. Sai na ɗauke idona daga kanta da ƙarfin tsiya, na sauke shi ƙasa, can kusurwar hagu inda fentin ya fi duhu.

Masoyiyata, akwai ƙofa a wurin! A buɗe take kaɗan. A bakinta kuma akwai takalman namiji, na dama da na hagu, ɗaya ya hau kan ɗaya kamar an tuɓe su cikin sauri, igiyar ɗayan a kwance a ƙasa. Na matsa, na ƙara matsawa. A gefen teburin da duhu ya kusa haɗiyewa, kofi biyu ne, ba ɗaya ba, kuma mai zanen ya ja ɗan farin zare na tururi a kan kowanne. A bango, sama da ƙofar kaɗan, ga inuwar kafaɗa. Ba ita kaɗai ba ce! Ba ta taɓa zama ita kaɗai ba! Wani ya shigo, yanzun nan ya shigo, shayinsa ko hucewa bai yi ba. Shi ya sa idanunta suka karkata. Ba duhu take saurare ba, takunsa take ji.

Ban san na tsallake rawayan layin ba sai da na ji mai gadi a kaina tana cewa, "Malam mai ƙiiƙii, ka sake taka layin nan sai na fitar da kai." Na ce ta yi wa Allah ta zo ta zama shaida, ta gaya mini ko idona ne ke mini gizo. Ta zo tana mita, ta gyara tabarau, ta leƙa, ta ce, "Takalmi ne mana. Kuma mai shi ƙazami ne, ko gogewa bai yi ba." Na yi dariya har na zauna a benci, daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu daban, matar nan ta juya baya ta bar ni na gama. Na so in ɗauko miki hoto a waya, ta ce an hana. Na gode mata da ta hana. Wannan ba abin da za a aiko a waya ba ne.

Yanzu ki gaya mini, ya hasken safiyata, wa ya yi kuskure? Kin ce ke ce matar nan, na yarda, ke ce. To takalman na wane ne? Kin shekara kina zuwa gabanta kina yi mata kukan kaɗaici, alhali mutum na tsaye a ɗakin, a daidai gefen da idonki ya daina kaiwa. Haka kika yi mini. Kin duba tsakiya kin ga ciwo, kin ga likita, kin ga ranar da wataƙila za ki bar kantin don ba kya son ki miƙa wa wani maganin da ba nasa ba. Duk gaskiya ne, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Amma ba shi ke nan zanen ba. Akwai sauran fenti a gefe, kuma ni ne a wurin.

Ba zan yi miki ƙaryar masoya ba. Ƙaunata ba maganin ɗigawa ba ce, ba za ta buɗe abin da ya rufe ba. Za a yi ranakun da za ki tashi da haushin duniya, ki sauke shi a kaina don ni ne kusa. Za a yi ranar da zan bar kujera a tsakiyar hanya ki buge ƙafa ki yi kwana biyu ba ki kula ni ba. Na sani, kuma na fara shiri. Ni da ke jefar da riga duk inda ta faɗi, yanzu ba na barin ƙofar kabad a buɗe, ba na barin bokiti a hanya, kowane abu na ba shi mazauni. Inna ta tsaya tana kallona ina tura kujeru ƙarƙashin tebur, ta ce, "Wannan yaro ko aljanin tsabta ne ya shige shi?" Da na gaya mata dalili, ta ce in gaishe ki, in ce miki ita ma gwiwarta ta ƙi, ba ta ga an mayar da ita gidan iyayenta ba.

Sannan ki dubi wanda Allah ya haɗa ki da shi! Cikin duk mazan duniya, kin faɗo hannun mutumin da sana'arsa ke nan tun yana saurayi: ya ga abu, ya faɗa wa waɗanda ba sa wurin, har su tashi tsaye suna ihu kamar da idonsu suka gani. Direbobi a kan hanya, masu gadi a bakin ƙofa, marasa lafiya a gadon asibiti, duk da bakina suke kallon wasa. Na yi wa baƙin da ban sani ba wannan hidima shekara da shekaru, sai ke, ke da nake so fiye da numfashina, za ki ce nauyi ne? Wane nauyi? Zan gaya miki launin sama kowace yamma. Zan gaya miki idan mayafinki bai dace da rigarki ba, ko da za ki ce ban san komai ba. Zan gaya miki fuskar duk wanda ya shigo, da irin kallon da ya yi, da abin da ya sa a ƙafa. Ranar da Allah ya ba mu 'ya'ya, zan yi miki sharhin takunsu na farko har maƙwabta su leƙo su tambayi wa ya ci.

Kuma kada ki ɗauka kyauta zan yi. Ina da buƙata, babba ma. Wa zai kama hannun rigata ya ce in ja baya? Ba don ke ba, da har yau tsumman mai fenti nake gani inda itace yake. Ni mai afka wa abu ne, mai saurin baki, mai bin inda hayaniya take. Ke ce kike sa ni in tsaya. Tun ranar da na fara shiga kantinku da dusasshiyar murya bayan wasa, na nuna maƙogwaro don maganar ta ƙi fita, kika miƙo mini abin tsotsa kika ce, "Maganinka na gaskiya shi ne ka yi shiru, amma na ga alama ba za ka iya saye ba," tun ranar na san na sami wadda za ta riƙa gyara ni. Idan kika tafi da wannan, wa kika bar ni da shi?

To ga abin da nake roƙo, kuma abu ɗaya ne. Ranar Asabar da dare za a sauke zane-zanen nan, a mayar wa masu su. Ranar ce kuma wasan ƙarshe na cin kofi, wanda kin san tun yaushe nake mafarkin a ba ni shi, bana kuma aka ba ni. Na miƙa wa Dogo abokin aikina. Shugabanmu ya cire tabarau ya tambaye ni ko na haukace, Dogo kuwa har yanzu bai daina yi mini addu'a ba. Ba don in burge ki na faɗa ba, na faɗa ne don ki san inda zan kasance lokacin da duk gari ke manne da rediyo. Zan kasance a siririn ɗakin nan, a kan bencinmu, da la'asar. Ki zo. Ki zo ko da kina fushi, ko da Yaya za ki sa ta rako ki, ko da kin rantse ba za ki ce mini uffan ba. Zan kama kafaɗunki in juya ki a hankali, in sauke fuskarki zuwa kusurwar nan, har tsakiyar idonki mai kyau ta sauka a kan takalman. Ki gan su da kanki, tun ana iya gani. Bayan nan duk hukuncin da kika yanke, ki yanke shi kina kallonsu.

Za ki zo. Na san za ki zo, don ba ki taɓa barin a faɗi abu a kan zanen da kike so ba tare da kin je kin tabbatar ba. In kuma taurin kan nan naki ya hana, to ki shirya ganina a kanti ranar Litinin, da Talata, da duk ranar da aka buɗe ƙofa, ina nuna maƙogwaro, har ki gaji ki tambaye ni abin da ke damuna.

Ya ke furen da ya fi jajayen furannin itacen nan kyau, ya ke wadda nake so da safe, nake so da rana, nake so a ranar da take korata: duhun nan da kike tsoro ta hagu yake zuwa, kin faɗa mini da bakinki. To ta hagu zan tsaya. A titi, a gida, a layin asibiti, a gaban kowane zane da ya rage mana mu gani, nan ne wurina daga yau har ƙarshen numfashina. Duk ranar da kika waiga ba ki ga kowa ba, kada ki yarda da idon. Ki miƙo hannu kawai.

Naki, wanda ya riga ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kuma ba shi da niyyar mayar da su,

Gidan Rediyo